Yadda Ake Rubutun Zinare Mai Tudu a Jikin Katin Hannu

Lokacin da ɗiyar yayata ta sauke Alƙur'ani a nan Jidda, katin gayyatar walima arba'in na yi mata da hannuna, baƙin kwali da rubutun ruwan zinare. Duk wadda aka miƙa wa sai ta fara sa ɗan yatsa ta shafa rubutun kafin ta karanta. Wata dattijuwa da ta zo daga Shara Mansur a Makka ta juya nata gaba da baya, ta ce min, "'Yar nan, wace maɗaba'a ce ta buga muku wannan?" Na ce, "Hajiya, a falona aka yi, a kan tayil guda ɗaya." Tun daga ranar ake tambayata yadda ake yi, shi ya sa na zauna na rubuta shi dalla-dalla.

Abu uku ne ke haɗuwa. Akwai tawada mai danƙo wadda ba ta saurin bushewa, akwai wani gari mai laushi da aka yi daga dangin roba, sai kuma zafi. Ki buga zanenki da tawadar, ki barbaɗa garin ya manne a inda ke da danshi kaɗai, ki hura masa iska mai zafi, sai ya narke ya haɗe ya taso yana sheƙi. Turawa na kiran aikin embosin, masu maɗaba'a a nan kuma rubutu mai tudu "bariz" suke ce masa.

Kayan da za ki tanada

Fara da takarda. Ki nemi kwali mai santsi, mai nauyin giram 250 zuwa 300, ana rubuta lambar a jikin ledarsa. Wanda bai kai haka ba yana lanƙwashewa da ya ji zafi, mai kaushin fuska kuma yana riƙe gari a ramukansa. Maktabar Jarir da sauran shagunan kayan makaranta suna da shi kala-kala. A can za ki haɗa da rula ta ƙarfe, wuƙar yankan takarda, ƙaramin burushin zane mai siririn baki, da salatif mai gam fuska biyu.

Tawadar da aka fi sani ita ce VersaMark ta kamfanin Tsukineko na Japan. Ba ta da launi, kamar ruwa take, amma tana daɗewa da danƙonta a kan takarda. Tawadar hatimin ofis ba ta yi, kafin ki ɗauko gari ta bushe. Idan ba ki samu VersaMark ba, giliserin ɗin nan da muke zubawa a man shafawa lokacin sanyi yana tsayawa a madadinta. Ki saya a saidaliyya, wato kantin magani, ki sirka shi da ruwa kaɗan, ki ɗiga a kan siririn soso mai tsabta a cikin murfin roba. Bakin layinsa bai kai na tawadar gaske fita tsaf ba, amma ya isa a koyi aiki da shi.

Garin kuwa iri-iri ne, kuma a intanet na fi samunsa, na Ranger ko na WOW! da makamantansu. Akwai mai laushi sosai na siririn rubutu, akwai matsakaici, akwai mai manyan ƙwayoyi da ke yin kauri kamar gilashi. Ga mai rubutun Larabci, mai laushin shi ne naki, domin ɗigon haruffa irin su ba, ta da nun ƙanana ne, mai kauri yana haɗe su da jikin harafi ma'ana ta sauya. Ki fara da kala uku: zinare, fari, da garai-garai marar launi. Sauran su jira.

Hatimi iri biyu ne. Akwai na roba garai-garai da ake mannawa a kan ɗan allon gilashin roba, kina hango inda za ki buga. Akwai na jar roba mai mariƙin katako. Idan kina son kalmarki ta kanki, kamar "Barka da Sallah" ko "Eid Mubarak" da rubutun Larabci mai kyau, je wurin masu yin hatimin ofis, suna nan a kusan kowace kasuwa. Ki ce musu robar zalla kike so a kan katako, ba mai tawada a ciki ba. Ki roƙe su kada layin ya yi siriri ƙwarai.

Sai babbar magana, abin hura zafi. Wata 'yar na'ura ce mai kama da doguwar tocila, masu shago na ce mata "musaddas harari", mu ce bindigar zafi. Ta masu aikin hannu iskarta a hankali take fita, zafinta kuwa mai tsanani, wasu kan haura digiri 300. Istishwar ɗin busar da gashi ba zai yi ba, iskarsa ta yi yawa zafinsa ya yi kaɗan, zai watsa miki gari a ɗaki kawai. Babbar bindigar da masu fenti ke ɓare tsohon fenti da ita kuma ta wuce ƙima, nan take take ƙona takarda.

Ki duba jikin na'urar kafin ki biya kuɗi. Wutar Saudiyya bolt 230 ce, soket mai baki uku irin na Ingila da Najeriya. Yawancin waɗanda ake yi domin kasuwar Amurka na bolt 120 ne. Ta farko da na mallaka tsaraba ce, ƙanwar maigidana ta kawo min daga Amurka da ta zo Umra. Na sa mata adafta na jona, ta yi wani ƙugi, cikinta ya yi ja, ɗakin ya ɗauki ƙauri, shi ke nan. Na ji ciwon abin, domin da zuciya ɗaya aka kawo min ita. Adafta siffar baki kawai yake sauyawa, ba ya rage ƙarfin wuta. Nemi wadda aka rubuta 220–240V a jikinta. Idan kuma tsohon gida kike, irin masu layin wuta biyu, ki tabbatar da soket ɗin da za ki jona.

Abu na ƙarshe a kicin ɗinki yake: nasha, wato garin sitacin masara da ake dama muhallabiyya da shi. Ki zuba cokali biyu a tsohuwar safa mai tsabta ko ƙyallen auduga, ki ƙulle. Amfaninsa zai zo nan gaba.

Wurin aiki

Kada ki yi a kan kafet, kada ki yi a kan ledar sufura da ake shimfiɗawa a ci abinci, narkewa za ta yi. Tayil guda babba ko allon katako ya wadatar. Ki kashe fanka, ki kauce wa saitin mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, domin garin nan ko numfashi mai ƙarfi yana ɗaga shi. Ki ninka farar takarda biyu ki buɗe, ita ce tirenki, a kanta za ki riƙa zuba gari, layin ninkin ya zama hanyar mayar da shi kwalba. Kowace kala da takardarta. Ƙwayar zinare goma a cikin farin gari sun isa su ɓata kwalbar gaba ɗaya, ba kuwa mai iya tsince su.

Yara su yi nesa. Bakin bindigar yana daɗewa da zafi bayan an kashe ta.

Yanka da ninki

Takardar A4 tsawonta santimita 29.7, faɗinta 21. Ki raba ta biyu daidai, kin samu kati biyu. Kowanne idan aka ninka zai zama 10.5 da 14.8, wanda ke shiga ambulan ɗin C6 cif. Kafin ki ninka, ki ɗora rula a tsakiya ki ja layi da bayan wuƙar cin abinci, ki danna amma kada ki yanke. Kwali mai kauri idan aka ninka shi ba a ja masa layi ba, bayansa fashewa yake.

Ki lura da ɓangaren da katin zai buɗe. Idan rubutun Larabci ne ko ajami, ninkin yana dama, a buɗe shi kamar yadda ake buɗe Mus'hafi. Idan boko ne, ninkin yana hagu. Ƙaramin abu ne, amma wanda ya tashi a ƙasar nan hannunsa ya san inda zai kama.

Shawarata, kada ki yi aikin zafi a jikin katin kansa. Ki yanka wani falle daban, 9.5 da 13.8, ki yi adon a kansa, daga baya ki manna shi a fuskar katin, zai bar rabin santimita ta kowane gefe kamar firam. Idan ya lalace falle ɗaya kika rasa, idan ya ɗan lanƙwashe gam zai miƙar da shi.

Shafa nasha

Nan ne mafi yawan masu koyo ke tsallakewa, nan ne kuma kati ke lalacewa tun ba a kunna wuta ba. Garin narkawa ba tawada kaɗai yake bi ba. Yana manne wa maiƙon yatsa, yana manne wa danshi, yana manne wa 'yar wutar nan da ke sa mayafi ya liƙe a jiki ko ta ja ki idan kin taɓa ƙofar mota. A Jidda danshin teku ne ke damunmu, takarda ta kwana a waje sai ta sha raɓar iska. A Riyad da Madina, ko a ɗakin da mukayyif ya wuni yana aiki, bushewar iska ce ke tara waccan 'yar wutar. Ko wanne ne, ƙarshensa ɗaya: ƙananan ɗigogin zinare warwatse a inda ba ki sa su ba, kuma da sun narke sun zauna ke nan.

Saboda haka ki wanke hannu ki tsane, ba mai ba turare. Ki kama fallen ta gefe. Ki ɗauki ƙullin nashan ki bubbuga a fuskarsa, ki shafe ko'ina har kusurwa. A baƙin kwali za ki ga ya yi fari-fari, kada ki damu, bayan an gama za ki goge da tishu ya koma yadda yake.

Buga hatimi

Ki kwantar da hatimin fuska sama, ki ɗauki soson tawadar ki riƙa dangwala masa a hankali, sau biyar ko shida, har ko'ina ya yi sheƙi idan kin karkata shi ga haske. Kada ki murza, kada ki danna da ƙarfi, tawada za ta cika ramukan zanen. Ki kifa shi a kan fallen kai tsaye, ki danna da tafin hannu ko'ina daidai, ki ƙirga uku, ki ɗaga shi sama ɗoɗar. Idan kika jijjiga shi hagu da dama rubutun zai fito da inuwa.

Tunda tawadar ba ta da launi, ki karkata fallen ki duba ko duk haruffan sun fito. Idan wani wuri ya tsallake, akwai alƙalamin da aka cika da irin wannan tawadar, da shi ake cikewa.

Mai kyan rubutun hannu ma ba ta buƙatar hatimi. Da wannan alƙalamin za ki rubuta sunan amarya da ango, ko sunan jariri. Wadda ta yi makarantar allo ta saba da alƙalamin kara tana iya haɗa giliserin da ruwa da ɗan jiƙaƙƙen ƙaro, irin wanda ake sa wa tawadar allo, ta sirka har ya riƙa bin alƙalami ba ya ɗiga. Sai dai ki rubuta kalma biyu ko uku ki barbaɗa gari, sannan ki ci gaba, don kada farkon layi ya bushe kafin ki kai ƙarshe.

Barbaɗa gari

Ki ɗora fallen a kan takardar da kika ninka, ki zuba gari a yalwace har zanen ya ɓace. Ba asara ba ce, abin da bai manne ba zai koma kwalba. Ki ɗaga fallen ki zazzage, ki juya shi ki ɗan ƙwanƙwasa bayansa da farce sau biyu. Sau biyu ya isa, idan kika yawaita har na kan rubutun zai zube.

Yanzu ki kai shi kusa da fitila ki duba da kyau. Duk ƙwayar da ta ɓata hanya, ki ɗauke ta da busasshen burushin nan. Ki leƙa cikin madauwarin haruffa, cikin mim da waw da ha, nan suke ɓuya. Minti ɗaya da za ki ɓata a nan shi ne bambancin katin da za a adana da wanda za a ce an yi ƙoƙari.

Ki mayar da ragowar garin kwalba, ki rufe ta ruf, ki ture gefe, sannan ki taɓa bindiga. Buɗaɗɗiyar kwalba kusa da iska mai zafi, ko ta watse ko samanta ya dunƙule.

Narkarwa

Ki kunna bindigar ki bar ta ta yi kamar daƙiƙa ashirin zuwa talatin tana hura iska gefe. Idan kika kai ta kan takarda tun tana sanyi, za ki daɗe kina gasa kwalin kafin garin ya motsa, kwalin kuwa ya lanƙwashe. Ki kama fallen da abin maƙale shanya na katako ko hantsaki, yatsunki su tsira. Ki riƙe bakin bindigar kamar faɗin yatsu uku ko huɗu daga takardar, ki saita kusurwa ɗaya ta zanen, ki tsaya a nan.

Ki zuba ido. Da farko garin zinare launin ƙasa-ƙasa ne, dishi-dishi kamar yashin da aka jiƙa, har ki ce an cuce ki. Bayan 'yan daƙiƙu sai ki ga wani wuri ya yi duhu, ƙwayoyin sun fara rungumar juna, sai sheƙi ya ɓullo ya fara gudu a kan layin harafin kamar an zuba narkakken ƙarfe a kwalbati. Na yi wannan aiki sau ɗaruruwa, har yau idan na zo nan numfashina tsayawa yake. Da sheƙin ya bayyana, ki matsa gaba. Ki riƙa bin bakinsa a hankali, yana gaba kina biye, har ƙarshen zanen. Kada ki riƙa kaɗa bindigar ko'ina kamar mai busar da gashi, zafin ba zai taru a wuri ɗaya ba.

Kuskure biyu ne a nan, kuma ido ne ke raba su. Idan zafin bai isa ba, wurin zai zauna da gurza-gurza, ki shafa ya zube. Wannan mai sauƙi ne, ki sake kai masa wuta. Idan kuma ya yi yawa, tudun zai kwanta, robar ta nutse cikin takarda, sheƙin ya mutu, wani lokaci gefen harafi ya yi kamar tabon mai, farin kwali ya yi rawaya. Wannan ba shi da magani. Don haka gara ki ɗauke da wuri ki duba, ki koma inda ya rage.

Ki kashe bindiga ki ajiye ta a kan tayil. Ki ba fallen kamar daƙiƙa goma kafin ki taɓa, narkakkiyar roba tana ɗaukar shatin yatsa, tana kuma ƙuna. Idan ya lanƙwashe, ki ɗan hura wa bayansa zafi, ko bayan ya huce ki danne shi da littafi mai nauyi. In kina yin da yawa, bayan kin rufe kwalabe ki buɗe taga, warin robar yana taruwa.

Wadda ba ta da bindiga tukuna tana iya gwadawa da dutsen guga. Ki kifa shi fuska sama a inda ba zai faɗi ba, ki kai shi ƙarshen zafi ba tare da tururi ba, ki riƙe fallen a samansa kaɗan, bayan takardar na kallon ƙarfen. Yana ɗaukar lokaci, amma yana narkewa. Harshen wutar gas kam kada ki kusance shi da takarda.

Farin zane a cikin launi

Idan hannunki ya faɗa da zinare, ga wadda na fi so. Ki buga zane a kan farar takardar fentin ruwa, ki narka farin gari ko marar launi. Da ƙyar za ki gan shi. Sai ki jiƙa burushi da fentin ruwa, shuɗi ko kore ko ruwan goro, ki shafe fallen gaba ɗaya. Robar ba ta shan ruwa, don haka launin zai zauna ko'ina ban da kan zanen, sai ki ga farin zane ya taso daga cikin launi. Idan ya bushe ki goge saman layukan da tishu. Zanen lalle yana kyau ƙwarai a haka, haka ma dagin Arewa, da zayyanar allon sauka. Ni daga rawashin ɗin tsofaffin gidajen Balad, tsohuwar unguwar Jidda, nake ɗaukar wasu zanukan, tagogin katakon nan masu ƙananan ramuka. Baƙi da zinare kuwa, duk wanda ya taɓa tsayawa gaban Ka'aba ya ga Kiswa ya san dalilin da ya sa haɗin ke shiga ranmu.

A nan ina da ra'ayi, kuma ina riƙe da shi. Ba na buga ayar Alƙur'ani ko sunan Allah a katin idiyyar yara, wato kuɗin barka da Sallah, da na gayyata, domin na san inda yawancinsu ke ƙarewa bayan biki. "Barka da Sallah", "Barka da dawowa Alhaji", "Alf mabruk" sun isar da saƙo. Ga kuma fallayen da ke lalacewa wajen gwaji, su ma sai an san yadda za a yi da su.

Haɗawa da adanawa

Ki goge ragowar nasha da tishu mai laushi. Ki jera salatif mai fuska biyu a gefuna huɗu na bayan fallen, da ɗaya a tsakiya, ki saita ki manna. Gam na ruwa yana sa kwali ya yi tudu-tudu. Idan katin baƙi ne ko mai duhu, ki manna farar takarda a ciki inda za a yi rubutu. Na idiyya kuma ki yi masa ɗan aljihu a ciki da guntun kwali, a gama gefe uku a bar sama, sababbin riyaloli su shiga.

Idan akwai bayanin da za a buga da firinta, kamar wuri da lokacin walima, a fara bugawa, a bar tawadar ta bushe sarai, sannan a yi aikin gari. Katin da aka riga aka narka wa gari kada ya shiga firintar leza, zafin cikinta zai sake narkar da shi ya ɓata injin.

Mai yin arba'in ko hamsin kada ta bi su ɗaya-ɗaya daga farko zuwa ƙarshe. Ki yanke duka, ki shafe duka da nasha. Ki buga ɗaya ki barbaɗa, ki jingine, har su kai biyar ko shida, sannan ki kunna bindiga ki narke su a jere tana da zafinta. Garin da ya manne ba ya zubewa muddin ba a goge shi ba.

Hatimi ki wanke shi da ruwa da ɗan sabulu da kin gama. Kwalaben gari ki rufe su da kyau ki sa a akwati, tare da 'yan ƙullin nan masu shan danshi da ke zuwa a kwalin sabon takalmi, in ba haka ba iskar Jidda za ta dunƙule miki su. Katunan da kika gama ki sa siririyar takarda tsakanin kowane biyu, kuma ranar rabo kada ki bar su a gaban mota a rana, ki riƙe su a jakarki har ki miƙa.